Shafin Yaya da Aka Rufe

Yayata ungozoma ce. Ta yi aiki a gidan haihuwa na Harobanda har gwiwoyinta suka gaza, sannan ta aje ta zauna a gidanmu na Kirkissoye. Tun da muka baro Dogondutsi ita ta riƙe ni, ita ta sa ni lakwal, makarantar boko, har na zama malami.

Da ta aje aiki mata ba su daina zuwa ba, sai ɗiyarta ta buɗe mata shafi a intanet. A can Yaya ke magana da Hausa, wani lokaci da Zabarmanci, kan shayarwa, da jinin bayan haihuwa, da yadda mace za ta laluba nononta ta ji ko akwai ƙullutu. Tambayoyi na zuwa daga Maraɗi, daga Kano, har daga Abijan.

Wata safiya muka tarar an rufe shafin. Yaya ta sa wani zane da ke nuna inda ake ɗora yatsu a nono, shi ke nan. Na karanta mata saƙon da aka turo da Faransanci, cewa ta karya ƙa'idojin al'umma.

"Wace al'umma?" ta ce. "Ni dai ba wanda ya kira ni lokacin da ake yanke su."

Na rubuta ƙorafi. Kafin in aje wayar amsa ta iso, kalma da kalma irin ta farko. Sai Yaya ta ce in je in nemi mutum mai numfashi in yi masa bayani.

Na ƙetare gadar kogi zuwa kamfanin da ke sayar mana da layi. Yarinyar da ke biron, wato ofishinsu, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Malam, mu hanya muke sayarwa. Abin da ke bi ta kanta ba namu ba ne." Na tafi ma'aikatar gwamnati mai kula da sadarwa. Wani dattijo ya ba ni kujera, ya ce su lasisi da ingancin rezo, wato ƙarfin layin waya, suke dubawa a cikin ƙasa, kamfanin da ya rufe shafin kuwa ko ɗaki ɗaya bai da shi a Nijar. Ya ba ni haƙuri, kuma na ga har ransa ne. Na dawo da rana tsaka, ƙafafuna duk sun kumbura.

Bayan wasu watanni wata tsohuwar ɗalibata, da ke koyarwa a jami'a a Lamorde, ta gayyace ni taro kan yadda ake tafiyar da intanet. A nan na ji cewa intanet ba ta da sarki ɗaya. Gwamnati na da kujera, kamfanoni na da tasu, haka masana na'ura da ƙungiyoyin jama'a, kuma wai sai an zauna tare ake yanke magana. An ce dole ƙofa ta kasance a buɗe ga kowa da harshensa, kuma wanda aka hukunta a faɗa masa dalili, a ba shi inda zai kai kuka. Ban ji abu ɗaya da na ƙi ba. Sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ne kawai ya dame ni, da tunanin cewa ban san a wace kujera Yaya za ta zauna ba.

Wakiliyar kamfanin da ya rufe shafin ta bayyana a allo daga wata ƙasa, tana Ingilishi ana juya mana. Na ɗaga hannu.

"Madam, kafin a rufe shafin yayata, akwai wanda ya saurari abin da take faɗa da Hausa?"

Ta ce na'ura ce ke fara tantancewa, mutane na biye. Ko cikinsu akwai mai jin Hausa da ya duba namu, ba ta sani ba. Ta ce in turo mata adireshin shafin. Na tura tun ban fita daga zauren ba.

Da na koma gida Yaya na shan iska a tsakar gida. Na zayyana mata komai.

"To, za su buɗe?"

"Sun ce za su duba, Yaya."

"An dai ba ka abinci?"

Ba a buɗe ba. Duk bayanan da ta ɗauka cikin shekarun nan sun tafi da shafin, don ba mu aje kwafi ba. Na ci gaba da rubutawa har na gaji na bari.

Yanzu murya take ɗauka ta tura wa matan majami'armu da ƴan maƙwabta, su kuma su tura gaba. Ba ta sa hoto. Takan yi ta maimaita inda za a ɗora yatsu, a hankali, sai ta goge ta sake idan ta ji bai fita ba.