Yadda Muka Kusa Bar wa Tekun Ruwais Motarmu

Doha

Ƙarfe biyar daidai, bayan mun yi asuba, muka bar gidanmu da ke unguwar Old Airport. Ni ke tuƙi, Baba yana gefe ya riƙe bel ɗin kujera da hannu biyu, don bai taɓa shiga motar da mace ke ja ba. Maigidana ya zauna da yara. Watan Nuwamba ne, zafin Ƙatar ya karye, saura kwanaki a fara gasar kofin duniya. Da tikitin kallon ƙwallo muka samar wa Baba izinin shigowa, mutumin da bai san 'yan wasa nawa ke kowane ɓangare ba. Shi masunci ne, shekara hamsin ya yi a ruwan Yawuri.

Bari in faɗi dalilin tafiyar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina goye "Uwata" yake kirana. Lokacin korona Innarmu ta rasu, ina nan asibiti ina duba marasa lafiya, jirage a tsaye. Da aka buɗe hanya ma ban je ba, kunya ta riƙe ni har shekara ta zagayo. Tun daga nan na koma "Likita" a bakinsa. Kwanansa goma a gidana, "Likita, na gode" ce kawai ke haɗa mu, kuma jibi zai koma. Na ce bari in kai shi bakin ruwa, ko bakinsa zai buɗe.

An rufe titin bakin teku saboda gasar, wani ɗan sanda ya karkatar da mu ta bayan dogayen benayen West Bay, waɗanda aka lulluɓe da hotunan 'yan ƙwallo. Baba ya leƙa ya ce, "Waɗannan su ne sarakunan garin?" Muka tsaya na yi hon aka kawo mana karak, shayinsu mai kaurin madara. Ya kurɓa ya ce ba laifi, amma ba citta.

Al Khor

Kilomita wajen hamsin ne, mun isa shida da kwata. Mun wuce wani filin ƙwallo mai siffar tanti, bai ko juya ba. Amma da muka sauka a tashar jiragen masunta, sai ga Baba ya riga ni fita. Ya bi kifin da ake saukewa ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe musu kunne yana dubawa. Masuntan mutanen Indiya ne, ba mai jin yaren wani, amma sai da suka yi rabin awa suna gardama da hannu a kan yadda ake ɗinke komar kamun kifi. Wani kifi da ake kira hamur ya burge shi, ya ce ƙanen giwan ruwa ne.

Masaukinmu ɗan gida ne mai ɗaki biyu a bakin ruwa, bayan gari. Kuɗinsa ya ninka saboda baƙi, na biya ban gaya wa Baba ba. Mai gadin wurin ya ji muna Hausa ya taso da gudu. Awudu sunansa, mutumin zangon Kumasi, da furfura a gemu da tutar Ghana a wuya.

Shi ya gasa mana kifin bayan magariba, wadda ake kira a nan tun biyar ba ta yi ba. Muna ci Baba ya tambaye shi iyaye.

"Tsohona ya rasu da korona, Baba," in ji Awudu. "A waya na kalli jana'iza, cikin ɗakin gadin nan. Kafil, maigidan da ya kawo ni aiki, ya ce in tafi, amma jirgi babu. Khalas, shi ke nan."

Baba ya ci gaba da zare ƙaya. Ni kuwa na janye hannuna daga kifin.

Da safe Awudu ya raka mu mota. "Anti, in kun je arewa kada ki kai mota kusa da ruwa. Ruwan nan yana tafiya, yana dawowa."

Baba ya yi murmushin manya. "Ɗana, ruwa da damina yake cika. Ka ga hadari a sama?"

Ruwais

Mun tashi tara, muka miƙe arewa, tafiyar awa guda da 'yan mintoci. Hanya shimfiɗe, ba shinge ba rami, sai raƙuma jefi-jefi da fararen tantunan masu fita shan iska. A wani ƙaramin gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa muka ci majbus, shinkafa ce dafa-duka da busasshen lemon tsami, aka ɗora mata kifi. Baba ya fito da ƙullin yajinsa daga aljihu ya gyara ta.

Bayan azahar muka fita bayan gari. Tekun ya janye can nesa, ya bar fili fetal, damshi-damshi. Na tsaya a kan tudu. Baba ya sauka ya bubbuga ƙasar da dunduniya.

"Tauri gare ta. Shigo da motar, Likita, ƙafata ba za ta kai can ba."

"Baba, Awudu fa ya ce..."

"Awudu ƙofa yake gadi."

Na san ana cewa teku na cika, a takarda na karanta. Amma kwana goma sha ɗaya ina jiran ya nemi wani abu a wurina, ga shi ya nema. Na shigar da mota.

Muka shimfiɗa darduma can gaba da ita. Ya tsinci ƙaguwa, ya ɗanɗana ruwan ya tofar, muka yi la'asar. Muna sallamewa na ji gefen abayata ya jiƙe. Ba igiya ba ƙara, ruwan ya lallaɓo ne kawai kamar an bar famfo a buɗe. Na waiga, tayoyin mota suna cikinsa.

Na ruga na tayar da ita na taka mai. Tayoyi suka yi ta juyi suna haƙa wa kansu rami. Na ƙara takawa. Sai na hango Baba ta madubi, ya naɗe wando ya kafa kafaɗa a bayan motar, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya.

"Uwata, ɗaga ƙafarki! Binne ta kike yi."

Na ɗaga. Na kifa kai a kan sitiyari ina kuka, shi ya ɗauka motar nake yi wa.

Wani dattijon Balarabe da ke gyaran raga a kan tudu ne ya cece mu. Ya gangaro da tsohuwar motarsa, ya sace wa tayoyina iska, ya ɗaura igiya ya ce, "Yalla." Ja biyu muka fito. Ya nuna teku, ya ɗaga wa Baba yatsu biyu. Na fassara masa cewa sau biyu yake cika kowace rana.

"Kullum?" in ji Baba. "Ba damina?"

Ya daɗe tsaye yana kallon inda muka yi salla, wurin ya zama ruwa har gwiwa.

Komawa

Mun ba tayoyi iska a gidan mai, muka fasa zuwa tsohuwar ganuwar Zubara da muka yi niyyar gani, muka kamo hanyar Doha, kilomita ɗari da 'yan kai. Mun yi nisa sai Baba ya juyo ya dube ni.

"Da Innarku ta rasu ba ki zo ba, ina Yawuri na ɗauka ko'ina Yawuri ne. Na ce jirgi ai kamar kwalekwale ne, in mutum na son tafiya zai samu."

"Baba, daga baya an buɗe hanya. Ni ce ban zo ba. Na kasa haɗa ido da kai."

"Na sani," ya ce. Ya laluba aljihun da yajin yake, ya ciro carbin Inna, baƙin nan mai guntun zare ja, ya rataya shi a madubin mota. "Ta ce in ba ki hannu da hannu. Da shi na zo, da shi kuma na yi niyyar komawa."

Mun shiga gida ana kiran isha, wandonsa ya bushe da farin gishiri. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Awudu da muka ƙi jin maganarsa, da dattijon Ruwais da ko sunansa ban tambaya ba. Maigidana ya tare mu a ƙofa yana tambayar yadda hanya ta kasance.

Baba ya cire takalmi ya zazzage yashi. "Tambayi Uwata," ya ce. "Ita ta ja motar. Ni turawa kawai na yi."