Ɗan Farin Inna

Yayana ya rasu a Sifaniya, a gonar tumatir ɗin da yake aiki, shekara goma sha ɗaya bayan ya bar Dogo-Dogo. Ya bar mata baturiya da ɗiya 'yar shekara biyar, wadda ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Wani abokinsa ɗan Guci ne ya turo mana lambar matar, ya ce ko gaisuwa ba ta iya ba da Faransanci. Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini a rai: yarinyar nan ta san tana da kaka, kar ta ɓace mana yadda ubanta ya ɓace.

Ina koyarwa a lakwal ɗin garinmu, makarantar boko, sai na ɗauka koyon harshe ba zai gagare ni ba. Kowace Asabar nakan hau kabu-kabu zuwa Magarya, wurin wani tsohon mushe, wato malamin boko, da ya taɓa koyar da Sifaniyanci a lise, babbar sakandare. Mutum ne mai saurin fushi, ni ma ba kanwar lasa ba ce, mun sha rabuwa baram-baram. Ranar farko ya tambaye ni me zan ce wa matar. Na ce zan tambaye ta yadda suka haɗu, in gaya mata yadda muka san shi. Ya ce to, daga nan za mu fara.

Wata uku muna kan abin da ya riga ya wuce. Conocí, na haɗu da shi. Conocía, na san shi tun da. Supe, labari ya iske ni. Na cika kaye biyu, littattafan rubutu irin na 'yan lakwal. Ina daka ina maimaitawa, har maƙwabta suka ce madam ta fara hira da mutanen ɓoye.

Ranar da muka sa za mu kira matar ta bidiyo, da hantsi, Inna ta ɗaura zanenta na sallah, muka taka zuwa tudun bayan gari inda rezon tarho ke kamawa. Matar ta bayyana a fuskar tarho, yarinyar a cinyarta. Na zuba abin da na hardace, ta gane, ta fashe da kuka. Ta ce a tashar mota suka haɗu, ana ruwa, ya ba ta kujerarsa. Sai ta dubi Inna, ta kira sunan yayana, ta roƙe ta ta gaya wa jikarta yadda ubanta yake yana yaro. Na fassara.

Inna ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Yayana ɗan farinta ne. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, balle gaban suruka. Matar ta sake kiran sunan. Inna ta ce mini, "Ke, tambaye ta ko sun samu ruwa bana."

Ni kuma da wautata, ina murnar na san kalmar ruwa, na fassara.

Na ga fuskar matar ta canza. Ta ce, "Ya sha gaya mini uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Na ɗauka ƙari yake yi." Kowace kalma na ji ta tas, mushe ya iya koyarwa. Amma ba ni da kalmar kunya, ba ni da wadda zan ce tsohuwar nan ta yi kwana arba'in ba ta cin komai sai kunu. Ina laluben kalma cikin kayena ta kashe tarhon.

Daga baya mun rubuta mata doguwar wasiƙa ni da mushe. Ta karanta, ba ta amsa ba. Har yau zuciyata na ciwo, kuma kaina nake zargi, ba ita ba.

Muna saukowa daga tudun ran nan, Inna ta ce, "Me ta ce daga ƙarshe?"

Na ce, "Ta ce yarinyar na gaishe ki."

Muka ci gaba da tafiya cikin karan gero. Can ta ce, "Goshinsa ne da ita." Sai ta faɗi sunansa, a hankali, sau ɗaya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Babu kowa a hanyar sai ni da wani jaki a ɗaure, tarhon kuma yana cikin jakata a kashe.