Ranar da Kawu Sambo Ya Tura Darakta Cin Abinci

Ku da kuka san Kawu Sambo, ƙanen mahaifiyata, kun san jakar kyamararsa ƙanshin man gyaɗa take yi. Gefe ɗaya kyamara, gefe ɗaya masa a leda da ɗan fulas na shayi. Shekara da shekaru yana ɗaukar wa kamfanoni bidiyo a garin nan, na talla da na taron ma'aikata, kuma bai taɓa danna maɓalli ba sai ya tambayi wanda zai ɗauka abin da ya ci. Cewa yake kyamara tana ganin yunwa, kuma mai jin yunwa kama da maƙaryaci yake yi ko da gaskiya yake faɗi.

Ni ke toya masar, shi ya sa labarinta duk yake dawowa wurina. Akwai wani manajan kamfanin taki da ya zo cikin kwat, ya ce shi rage ƙiba yake yi, kuma jirgi na jiransa. Kawu ya rufe idon kyamara, ya nemi benci ya zauna. Da manajan ya fara faɗa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa za ka yi kamfaninku shina ciyar da ƙasa. Da wagga huska?" Mutumin ya ci. Har tambaya ya yi ko akwai sauran yaji.

Maigidana, Baban Ummi, a hannun Kawu ya koyi aiki, kuma tuwon gidanmu daga ɗan shagon nan na Gawon Nama yake fitowa. Babban aikinsu na wani kamfanin shinkafa ne. Sai kamfanin ya mayar da harkar bidiyo ofishinsu na Legas, aka zo da sabon tsari. Ni ban yi boko mai nisa ba, ga dai yadda na fahimta: an daina kai faifai ofis a hannu. In an ɗauka, a tura shi wani rumbu na intanet, wani a Legas ya buɗe ya yanka ya haɗa. Shi ma darakta ba zai zo ba, ta kwamfuta zai riƙa kallo yana cewa a yi dama, a yi hagu.

Tambayar Kawu ta farko ita ce wa ke gadin rumbun, yana son ya gaishe shi. Aka ce babu wanda za a gani. Ya daɗe yana girgiza kai.

Ranar da suka fara turawa ina shagon. Kawu ya ja kujera gaban kwamfuta, yana kallon ɗan layin nan da ke rarrafe. Ya sa aka kashe fanka, wai kada iska ta karkatar da shi. Ya hana kowa gittawa ta bakin ƙofa. Ya yi wa bidiyon addu'ar matafiyi, muka shafa. Yana kaiwa ƙarshe ya buga waya Legas, yana tambaya ko ya iso lafiya, ko ba a fille wa kowa kai a hanya ba. Wanda ya ɗauka ya ce bai buɗe ba tukuna. Kawu ya ce, "Baƙo ya taho tun daga Sakkwato, ko kallo nai ba ka yi ba?" Ya kashe wayarsa.

Ku dariya kuke yi, ni lokacin ba dariya nake ba. Bayan wannan wayar saƙo ya zo cewa za a gwada su sau ɗaya, da darakta a kan kwamfuta. In bai yi ba, za a ba wasu 'yan Abuja aikin. Ga Ummi a baya, ga wani cikin. Na je har gida na durƙusa na roƙi Kawu ya yi abin da aka ce kawai, kada ya musa wa kowa, ko don yaran nan. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce in ƙara albasa a masar gobe, ta jiya ba ta ji ba.

Ranar gwajin da kaina na kai masar, don zaman gida ya gagare ni. A wurin ajiyar shinkafar kamfanin ne, kan hanyar Kalambaina. An ɗora kwamfuta kan buhuna, ma'aikata sun jeru da sababbin riguna. Sai ga fuskar wata mata ta fito, Madam Rifkatu, ita ce daraktar. Magana take da sauri, ta ce rabin awa take da shi, tana da wani taron. Kawu ya yi mata sallama da Hausa, ta amsa da Hausa tsantsa. Ashe a nan Sakkwato ta tashi, mahaifinta malamin makaranta ne. Ai kuwa ta janyo wa kanta! Ina gida, ina gajiya, ina ruwan Legas, wace unguwa suka zauna, wa ke maƙwabtaka da su. Baban Ummi yana ta zufa yana kallon agogo.

Sannan Kawu ya matsa kusa da kwamfutar ya ce, "Ɗiyata, mi kic ci yau?"

Ta ce ba ta samu lokaci ba, a fara kawai.

Na ga hannunsa ya nufi murfin kyamara, na ce a raina shi ke nan. Ya rufe. Ya ce mata shi ba ya karɓar umurni daga mai yunwa, don duk abin da aka ɗauka ba zai yi mata kyau ba, kuma laifin a kansu zai ƙare. Ta tashi ta nemi abin da za ta sa a baki, suna nan suna jira.

Sai allon ya yi baƙi.

Na zauna kan buhu. Na fara laluben wani aikin da Baban Ummi ya iya ban da wannan, ban samu ko ɗaya ba. Shi kuwa Kawu ko a jikinsa, yana ta raba wa ma'aikata masa, yana gyara musu wuyan riga. Su kuwa sai taunawa suke.

Can sai allon ya dawo. Ga Madam da kofin shayi da guntun biredi, kumatu cike. Ta ɗaga ta nuna masa ta ce, "Baba, ga shi. Na ci jarrabawa?" Ya ce ta riƙa tsomawa, ya fi saurin sauka. Dariya ta kusa shaƙe ta. Ta ce taron can ya jira, a fara.

A nan ne Kawu ya ɗaga hannuwansa sama, ya ce duk mai ne, ba zai ɓata kyamara ba. Ya kira Baban Ummi da sunansa, da ƙarfi yadda har Legas za a ji, ya ce ya kama. Shi ya ɗauki aikin daga farko har ƙarshe, Madam na cewa dama, yana yin dama. Kawu na zaune kan buhu yana kushe komai, wai haske ya yi yawa, wai yaran yanzu ba su iya tsayuwa ba. Da aka gama, Madam ta tambayi cikakken sunan mai kyamarar, na ga ta rubuta. Har yau aikin yana hannunmu, kuma shi take kira kai tsaye.

Da na je karɓar fulas, sai idona ya sauka kan hannun Kawu. A bushe yake ƙarau, ba mai ko ɗigo; ashe don Baban Ummi ya kama aikin ya faɗi haka. Da takarda ya raba wa mutane, tasa masar kuma tana nan a leda, ko kwance ƙullin bai yi ba. Na dube shi, ya dube ni.

"Ke, idonki ya cika yawa," ya ce. "Tahi gida."

Ban faɗa wa kowa ba sai yau. Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, kuma bai ga yaron da na haifa ba, wanda muke kira Kawu Ƙarami.

Allah, bawanka Sambo bai taɓa barin kowa da yunwa a gabansa ba. Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe masa kurakuransa. Amin.