Gwazar da Ba a Sauke Ba

Har yau idan sanyi ya shigo Alƙahira, masu amalanke suka fara jibge gwaza da kabeji a bakin tashar jirgin ƙasa na metro, sai gabana ya faɗi. Ina ƴar shekara bakwai muka zo daga Gadarif ta ƙasar Sudan, ni da Umma da Kaka, wadda ta haifi Baba. Shi Baba ya tsaya girbin riɗi, wai zai biyo mu.

Ɗakinmu a Ainu Shams babu murhu sai ƙaramin risho na gas, shi ne wutar girki, shi ne wutar jin ɗumi. Bayan magariba Kaka takan shafa mai a hannu saboda ƙaiƙayi, ta hau feraye gwaza tana mita. Maƙwabciyarmu Bamisriya wanke tata take yi da ruwan ɗumi har yauƙin ya fita. "Ji ɓarna!" in ji Kaka. "Abin daɗin suke zubarwa." Sai ta rufe tukunya ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga ta nan, ta biyo ni har Masar." Ni kuma in ce, "Ta shigo ta ji ɗumi."

Wata mata ce, ɗanta zai ƙetare kogi, ya ce, "Inna, ɗora gwaza, kafin ta nuna na dawo." Gwaza ta nuna, shiru. Ta ƙara ruwa. Ƙamshi ya riƙa jawo matafiya, kowa ta zuba masa ludayi guda ta tambaye shi ɗanta. Wannan ya ce ya gan shi a jirgin fito, wancan ya ce a kasuwa. Ta sake ƙara ruwa.

"To, ya dawo?"

"Kai, yarinyar nan da naci! Miƙo min gishiri, yalla, maza."

Kullum a nan take tsayawa. Sauran tatsuniyoyinta duk tana rufe su da ƙurunƙus, ban da wannan. Abin ya ɗaure min kai. Ran nan na ce matar wawuya ce, na sha ludayi a ka. Washegari na ce ai haƙuri ake koya mana, ta ja tsaki ta ce, "Wane haƙuri kuma?" Ita kuwa Umma, da an fara sai ta fita baranda cikin wannan sanyin. Ta daina sa kwalli, na ɗauka gajiyar aikatau ce a unguwar Mohandessin. Ni dai a raina na ƙudurta cewa ranar da yaron ya dawo, ranar Baba zai ƙwanƙwasa ƙofa, don haka ban taɓa fasa tambaya ba.

Sai bayan rasuwar Kaka Umma ta gaya min: tun sanyinmu na farko labarin rasuwar Baba ya iso, Kaka ta hana a faɗa min. Na ji haushi, wallahi na ji. Na ce, "Don me, Umma?" Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Ke take ɓoye wa, ko kanta?"

Na girma, na yi aure, ban samo amsar ba. Wani lokaci in ga tausayina ta ji, wani lokaci in ga ita ce matar, mu ne matafiyan.

Bana da gwaza ta fito na ɗora, ban wanke yauƙin ba, na tsinci kaina ina yi wa ƴata tatsuniyar. Ta zuba min ido ta ce, "Mama, ya dawo?"

Na buɗe baki da niyyar in rufe mata labarin, in huta. Abin da ya fito shi ne, "Miƙo min gishiri."