Gwadabe Mai Rediyo da Barcin da Ba Ya Sallama

A kasuwar Jahun babu wanda bai san Gwadabe mai gyaran rediyo ba. Rediyon da aka fid da rai da ita, in ta shiga hannunsa sai ta yi magana. Amma tun yana saurayi barci ke sace shi: yana riƙe da dalmar liƙa wayoyin rediyo, yana tsakiyar loma, har a sahun Juma'a. An ba shi rubutu, an yi masa hayaƙi, wasu sun ce iska ce, wasu lalaci. Abin da ya fi ba shi kunya kuwa dariya ce. Da ta kama shi sosai sai gwiwoyinsa su sage, haɓarsa ta saki, ya zube.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ya zube haka a bakin tasha da rana tsaka, harshensa na karyewa. Wasu baƙi suka rantse giya ya sha, suka kai shi gaban alƙali. Alƙalin bai ji warin komai ba, sai ya ce a kai shi asibiti a Dutse, a kawo masa takarda.

Taubashinsa Jaji ne ya raka shi. Likitar, Dakta Mu'minatu, ta sa aka auna jininsa, ta tambayi ko yana minshari, ko yana cizon harshe kamar mai farfaɗiya. Duk babu. Sai ta ajiye biro.

"Malam Gwadabe, dannau na yawan danne ka? Kana fara mafarki tun ba ka gama rufe ido ba?"

Gwadabe ya ɗago kai ya dube ta. Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

"Likita, wa ya faɗa miki?"

Ta yi murmushi, ta zaunar da shi bakin gado, ta ƙwanƙwasa gwiwarsa da 'yar gudumar roba. Ƙafar ta harba. Sannan ta ce wa Jaji, "Ba shi dariya."

Jaji ya tuɓe hula ya kwaikwayi yadda baƙin nan suka riƙa shinshinar bakin Gwadabe. Dariya ta ƙwace wa Gwadabe, ya sulale kan katifa. Likita ta sake ƙwanƙwasa gwiwar. Ko motsi. Ta sunkuya ta raɗa masa wani abu a kunne.

Bayan minti guda ya miƙe zaune. "Gyaɗa, tulu, bakwai," ya ce. "Haka kika ce."

Jaji ya dafe kai yana salati. Ashe duk shekarun nan, duk abin da aka faɗa a kan Gwadabe yana kwance, yana ji.

"Sunan cutar nakolefsi," in ji likita. "Mai mafarki, Allah kan ɗaure masa gaɓoɓi don kada ya tashi ya bi mafarkinsa. Kai ɗaurin kan zo maka ido biyu. Ba maye ba ne, ba iska ba."

Gwadabe ya dubi hannuwansa. "Wato kowa ana ɗaure shi, bai sani ba?"

"Kowa."

"Allahu Akbar," ya ce a hankali.

Alƙali ya karanta takardar ya sallame shi. Ba a warkewa daga cutar, amma da ƙwayar da ake kawo masa daga Kano da gajeren barci sau biyu a yini, Gwadabe ya samu sauƙi. Ya shimfiɗa tabarma a bayan shago, ya daina hawa babur. Da labarin ya bazu, mutanen Miga da Garki suka fara kawo masa 'yan'uwansu masu gyangyaɗi. Yakan ture rediyo gefe, ya yi musu tambayoyin likita ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kwatanta musu hanyar asibitin.