Ajiyar Saman Banda

Duk mai sayen busasshen kifi a kasuwar Yelwa ya san Mati mai banda, amma ba kowa ya san yana rubuta waƙa ba. Mutum ne mai rowar baki. Sai ka shekara goma kana ciniki da shi ba ka ji ya yi doguwar magana ba.

A Gungun Arzika aka haife shi, wani tsibiri da ruwan Kainji ya haɗiye yana ɗan shekara tara. Ranar da aka kwashe su zuwa tudu, manya suka ɗauki tukwane da tabarmi, shi kuwa ya taho da sunaye a kansa: mashayar da Innarsa take wanki, tsamiyar da ake ɗaure jirage, dutsen da masunta suke taruwa kafin su shiga ruwa. Da ya girma ya yi yaƙi da jahilci, sai ya sayi littafi mai kauri ya riƙa zuba su cikin waƙa. Baiti ya zo masa yana juya kifi, ya goge hannu a riga, ya rubuta, ya sake shi. Ai takarda ta riƙe masa.

Da littafin ya cika, tsoron gara ya kama shi. To, a wajensu duk abin da ake so ya daɗe saman hayaƙi ake kai shi, daga irin gero har komar kamun kifi. Mati ya cusa littafinsa cikin jinkar rumfar banda, ya ji hankalinsa ya kwanta. Shekara ashirin da wani abu yana ɗaga kai ya ga bangon yana nan. Bai buɗe ba, don hayaƙin ya riga ya ci masa ido, ko lambar waya sai matarsa Asibi ta karanta masa.

Bana ya ji a rediyo cewa akwai gasar da ake yi duk shekara ta sababbin littattafan waƙoƙi, kuma wanda ya ci za a kai littafinsa makarantu. Ba kyautar ce ta tsaya masa a rai ba. Da damina aka binne Lawali, abokin wasansa tun a gungu, kuma daga shi babu sauran mai iya faɗin sunayen nan sai Mati. Ya sauko da littafin, ya sa rigar Juma'a, ya hau kabu-kabu zuwa shagon Zahra'u mai buga takardu.

Zahra'u ta karɓa da hannu biyu. Tana buɗewa, gefen shafin farko ya ɓare ya zuba a kan tebur. Hayaƙi da man kifi sun dafa takardun sun yi baƙi ƙirin, wasu sun manne da juna. Gara kam ba ta taɓa ko shafi ɗaya ba.

"Baba, ba ni ganin komi."

"Duba dai, ɗiyata. Kai shi ga haske. Na cika shi har bango."

Ta fita da shi rana, ta karkata, ta ɗaga, ta bi shafi bayan shafi a hankali. Mati yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, babu abin da zai iya yi. Can ta dawo da sauri.

"Ga layi guda ya hito! 'Inna tana wanki a mashayar…' Sauran ya ƙone. Mashayar mi, Baba? Hwaɗa mani in buga. In kun tuna sauran ma, sai mu zauna mu rubuta sabo, akwai sati ukku kamin a ruhe gasar."

Ta ɗora yatsu a kan na'ura tana jira.

Mati ya buɗe baki. Yana ganin wurin sarai: ga yashin, ga Inna ta duƙa, ga jan zanenta shanye a kan dutse. Sunan ne kawai ya ƙi zuwa.

"Yana cikin littahin," ya ce.