Akwatin Wuta na Huɗu a Shagon Akawu

Shekara talatin Akawu ya yi yana dukan tafireta a ofis, har yatsunsa suka yi kanta. Da ya yi ritaya sai ya kama shago, ya sayi kwamfutar tebur, yana buga wa jama'a wasiƙu da takardun neman aiki. Kunnensa na hagu ya riga shi ritaya, don haka duk mai kawo aiki sai ya zagayo ta dama.

Jikin shagon akwai rumfar Mai Walda, mijin ƙanwarsa. Waya ɗaya ke ba su wuta, benci ɗaya suke hira a kai.

Cikin wata huɗu, akwatin wutar kwamfutar, ɗan ƙarfen nan mai raba wa kayan cikinta lantarki, ya ƙone sau uku. Kullum salon ɗaya ne: ƙauri ya tashi, a ji "tas!", allo ya yi baƙi ƙirin.

"Kai ne!" in ji Akawu, yana nuna Mai Walda da biro. "Kana ɗana ƙarfe, wuta ta zabura ta faɗo wa baiwar Allah."

"Haba Yaya! Ran da na biyun ya mutu ina asibiti ana cire mini haƙori."

"Ragowar ta jiya ce ta biyo waya."

Akawu bai tsaya nan ba, ya zauna ya rubuta wa mai gidan haya ƙara da hannu, shafi biyu. Mai gida ya ce in dai an tabbatar, Mai Walda ya kwashe komatsansa kafin ƙarshen wata. Ƙanwar Akawu kuwa ta daina gaishe shi.

Don a tabbatar ɗin aka kira Injiniya, wata mata mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ta soka mita a soket, ta sa Mai Walda ya yi ta ɗana ƙarfe, tana kallon lambobi.

"Baba, wutarka lafiya lau. Ga sitabilaiza mai daidaita wuta ma kana da ita."

"Don ya ga baƙuwa ne yake lallaɓawa."

"Ina matattun?"

Akawu ba ya yar da komai. Ya jawo durowa ya fito da su uku, kowanne da kwanan watan rasuwarsa a manne. Injiniya ta juya na farko ta leƙa ragar fankarsa. Ta leƙa na biyu. Ta leƙa na uku. Sai ta sa farce ta zaro tsinken sakace.

"Baba, wannan fa?"

"Af, wannan ai dabarata ce," ya ce, har da gyara zama. "Fankar nan surutu gare ta. Ga kunne ɗaya, ga mai wasiƙa yana magana, ga ta tana fuuu. Ranar da na sa sabo, ranar nake soka mata tsinke. Shiru kake ji."

"Baba, ita ce fa ke fifita shi! Ka toshe masa iska, yaya ba zai dahu ba?"

"Tafiretata ta shekara talatin ba wanda ya yi mata fifita."

Mai Walda ya zauna daɓas a ƙasa, dariya har da hawaye. "Ashe ɓarawon na cikin gida! Yaya, ka ɗaure bakin akuya, ka ce kura ce ta hana ta kuka."

Akawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Wajen zaɓen sabo, Injiniya ta jera masa uku a kan tebur. Hannunsa ya nufi mafi ƙanƙanta, wai ƙarami ba zai yi baki ba. Ta janye shi.

"Ƙaramar fanka ita ce mai ihu, don gudu take yi. Ɗauki wannan, ji nauyinsa. Fankarsa faffaɗa ce, a hankali take juyawa, ƙarfinsa kuma ya ɗara abin da kwamfutarka ke ci."

Ta ɗaura, ta kunna. Akawu ya kara kunne.

"Ba ta aiki."

"Kunnen hagu ka sa, Yaya."

Ya juya na dama. Can ƙasa-ƙasa ya ji ta, kamar numfashin jariri. Kafin ta fita, Injiniya ta kwashe kwalin tsinken da ke kan tebur ta jefa a jakarta.

Saura mai gida. Mai Walda ya jawo kujerar masu kawo aiki, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Malam Akawu, wasiƙa na kawo. Rubuta: Ni, wanda ya shaƙe akwati uku da hannunsa, ina janye ƙarata."

"Me ka ce?"

Mai Walda ya ɗauki kujerar ya zagayo ta dama, ya maimaita da ƙarfi yadda har mai faci na tsallaken titi ya ji. Akawu ya buga, bai tsallake ko waƙafi ba.